Ko-ta-kwana

A Abu Hamad, bayan isha'i,
na baje kayana kan tamfol kamar mai koli:
tocila uku, laita huɗu, wuƙa biyu,
igiya ta lilo da igiya ta kaba,
fanbel sabo, da tsohon da na ƙi yarwa,
kamfas da na saya a Atbara, ban iya karanta shi ba.
Gobe za mu shiga hamada, wajen ramukan zinariya,
kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawu Barmo ya tsuguna yana sakace.
Shekara talatin yana tuƙi a wannan rairayi,
guzurinsa bai cika hular kansa ba.
Ya ɗaga tocila ta uku, ya haska mini ido:
"Wannan ta wa?"
Na ce, in ta farko ta mutu, ta biyu ta bi ta.
Ya ce, "In ta uku ta bi su fa?
Sayo ta huɗu. Sayo jaki ya ɗauke su.
Sayo wa jakin jaki."

Yaran mota suka tuntsire. Ni ban yi dariya ba.
Ƙanena Ɗahiru ya shiga nan bara waccan
da jarka ɗaya,
jarkar ce kawai ta dawo.

Kawu ya san haka. Ya sassauta murya:
"Tsoro ma kaya ne, yaro, sikeli na ganin sa.
Kowane ƙarfe da ka ɗora, kofin ruwa ka sauke.
Tambayi abu: in ka rasa shi, za ka kwana?
In ba za ka kwana ba, ɗauki biyu.
In za ka kwana kana tsaki, ɗauki ɗaya.
Saura, bar wa mai shago."

Na ce to.
Da ya yi barci na mayar da su duka jaka guda,
na zuge, na ɗaure bisa rufin mota.

Kwana biyu lafiya.
Ran na uku, da hantsi, muka faɗa wani kwari,
motar ta yi tsalle kamar an tsikari raƙumi,
ba wanda ya waiwaya.
Sai da rana ta faɗi, tiyon lagireto ya fashe,
na hau rufi ɗauko haske:
igiya tsinkakkiya tana reto.
Tocila uku, laita huɗu,
sun tafi tare kamar 'yan gida ɗaya.

Kawu bai ce uffan ba, wannan ya fi duka ciwo.
Ya cire hula, ya zaro ashana bakwai cikin leda,
ya yanki tsohuwar roba, ya kwance wayar bokiti,
ya naɗe tiyon kamar mai ɗori.
Ya riƙe mu rabin yini, ya sake fashewa.

Muka zauna ƙarƙashin mota muna bin inuwa,
dabino uku-uku, ruwa a murfin jarka.
Na ƙirga abin da ya rage.
Na ƙirga abin da na saya.
Na daina ƙirga.

Ran Alhamis, la'asar sakaliya, muka ji ƙugi.
Fadil ne, da tankin ruwa da tiyo sabo fil.
Ashe daren da nake lissafin batir
Kawu ya je wurin Hajjo mai shayi, ya bar magana:
"In Laraba ta wuce ba mu kira ba, turo a bi sawunmu."
Kalma goma sha biyu.
Ba su da nauyin ko allura,
kuma ba a ɗaure su bisa rufi ba.

Yau ni ake tambaya: nawa zan ɗauka?
Har yanzu bakina na rawa.
Nakan ce ruwa ya fi lissafinka da kwana biyu,
wuta a wuri biyu, ɗaya a jikinka,
sunanka a bakin wanda zai damu.

Amma tocila, gaskiya, biyu nake ɗauka.
Ta biyun ta Ɗahiru ce.
Ban taɓa kunna ta ba.